Takardar Koke Kan Cutar Ƙurajen Fatar Shanu a Iyakar Gobir

Daga:
Makiyaya, manoma masu shanun huɗa, fataken shanu, mahauta da mata masu sayar da nono na Unguwar Lalle da ƙauyukan kewayenta, Ƙaramar Hukumar Sabon Birni.

Zuwa ga:
Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Gidan Gwamnati, Sakkwato.

Ta hannun:
Kwamishina mai kula da lafiyar dabbobi.

Kwafi zuwa ga:
Ministan Bunƙasa Kiwo na Tarayya. Shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Iyayen ƙasa na Gobir.

Mai Girma Gwamna,

Mu talakawanka na wannan kusurwa ta gabashin jiha muna kawo kukanmu a kan wata cuta da ke cin dukiyarmu. Cutar ita ce ta ƙurajen fatar shanu, wadda Fulani makiyaya ke kira bolla. Ba mu rubuto don ɗora wa wani ofis ko wani ma'aikaci laifi ba. Mun rubuto ne domin hukuma ta san yadda cutar ke shigowa ƙasarmu da yadda take fita, ta kuma ji abin da muke roƙo.

Mun san idan aka ambaci Sabon Birni da Isa a Sakkwato ko a Abuja, batun tsaro ne ke fara zuwa a zuciya, kuma haka ya kamata. Kasuwarmu ta Unguwar Lalle ma an kai mata hari a watan Oktoba na 2021, aka kashe mutane, kuma har yau ba mu gama jimami ba. To amma wanda ɓarayin daji suka kore masa garke, ya rage da shanu biyu na huɗa, waɗannan biyun su ne gonarsa, su ne motarsa, su ne asusunsa na ranar da iyali suka kwanta ciwo. Idan cuta ta kayar da su a tsakiyar damina, asarar daidai take da ta ranar da aka kore garken.

YADDA CUTAR TAKE

Saniya kan fara da zazzaɓi, ta daina kiwo, idanu su yi hawaye, hanci ya yi majina, miyau na dalala, kaluluwa ta fito a gaban kafaɗa. Cikin 'yan kwanaki sai ƙuraje masu tauri, kusan girman goro, su feso a wuya da baya da hantsa da tsakanin cinyoyi. Ƙafafu da gaba kan kumbura, tafiya ta gagara. Daga baya tsakiyar ƙurjin ya mutu, ya zube, ya bar rami a fata, ƙudaje su yi ƙwai a ciki, tsutsa ta kama.

Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa ƙwayar bairos ce ke kawo ta, dangin wadda ke kawo agana ga tumaki da awaki. Ba ta kama mutum. Ba kasafai take kashe da yawa ba, galibi ƙasa da 10 cikin 100 na garke, kuma wannan ne ya sa ake raina ta. Amma mu da muke tare da dabbar mun san lissafin. Saniyar tatsa kan ƙafe, wata ma hantsarta ta lalace gaba ɗaya, matar da ke kai nono da man shanu kasuwa ta rasa na cefane. Mai ciki kan yi ɓari. Bijimi kan daina barbara na wani lokaci. San huɗa da ya kamu a farkon damina ba ya jan garma sai shuka ta wuce. Fata kuwa, ko saniyar ta warke, tabon ya zauna, majemi ba ya saye da daraja. Gudale da ake alfahari da ita a ƙasar Sakkwato takan koma ƙashi da fata, dillali ya taya ta rabin kuɗi.

Ba ta da maganin da ke kashe ƙwayar. Allurar da ake yi wa dabbar da ta kamu tana hana miki ruɓewa ne kawai. Abin da ke tsare garke shi ne rigakafi kafin cutar ta iso.

YADDA TAKE ƘETARE IYAKA

Mai Girma Gwamna, cutar nan tafiya iri uku take yi, kuma ƙasarmu ta buɗe wa duka ukun ƙofa.

Tafiya ta farko gajera ce, a bakin ƙwari masu shan jini: sauro, ƙudaje masu cizo da kaska. Ƙwaro ya ciji mai ƙurji, ya tashi ya sauka a kan lafiyayya, shi ke nan. Shi ya sa cutar ta fi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma ta fi son fadama. Mu kuwa a fadama muke zaune. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Nijar ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake shigowa Najeriya ta wajenmu ya haɗu da Gulbin Rima. Ta wajen Isa ga Bunsuru da Gagare. Tafkuna da mashayun da ke bin waɗannan gulabe su ne matattarar shanun ƙasashen biyu, su ne kuma matattarar ƙwari. Da cutar ta shiga ƙasashen Balkan na Turai, masana sun auna cewa irin wannan gajeriyar tafiya takan ci kimanin kilomita 7 a mako. Daga ƙauyukanmu na bakin iyaka zuwa na Nijar, tafiyar mako ɗaya ko biyu ce a wannan lissafi.

Tafiya ta biyu doguwa ce, a jikin saniyar kanta, ko a ƙafa ko a bayan mota. Dabba kan ɗauki ƙwayar har tsawon kwana 28 kafin ƙurji ya fito, wata ma ba za ta taɓa nuna alama ba. Mai ita ya kai ta kara da zuciya ɗaya, mai saye ya duba haƙori da ido da tozo bai ga komai ba, a ɗora ta a tirela. Ƙurajen sai ta isa wata jiha za su bayyana. Shanun da ke zuwa kasuwannin Sabon Birni, Shinkafi, Goronyo, Achida da Illela, da yawansu daga jihohin Maraɗi da Tawa na Nijar suke fitowa, daga nan kuma a wuce da su kudancin Najeriya. Haka nan garkunanmu kan hau arewa da damina don su kauce wa gonaki, su gangaro bayan an cire amfanin gona. Kowace hawa da kowace gangarowa haɗuwa ce da baƙin shanu a burtali da bakin rijiya.

Akwai hanya ta uku da ta fi waɗannan muni, wadda shekarun nan suka kawo mana, wato shanun sata. Ana tattara su daga garkuna daban-daban, a gwamutsa su a daji, a kora su da dare ta inda babu shinge, a sayar a ɓoye. Ba wanda ya san inda suka fito, ba malamin dabbobin da ya taɓa ganin su. Ga kuma dubban 'yan'uwanmu da suka yi gudun hijira zuwa yankin Gidan Rumji tun daga 2019, suna kai da kawowa da 'yan dabbobin da suka tsira da su.

Saboda haka ba mu zo da ƙorafin cewa Nijar ce ke kawo mana cuta ba. Mutumin Bangi ko na Madawa a Nijar zai iya cewa daga wajenmu take zuwa masa, kuma shi ma gaskiyarsa. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri gida ɗaya ne, akwai auratayya, akwai ciniki, kuma shanunmu ruwa ɗaya suke sha.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

An fara gane cutar a 1929 a ƙasar da yau ake kira Zambiya. A shekarun 1940 ta mamaye Afirka ta Kudu, ta kama shanu kimanin miliyan 8. Ta bayyana a Kenya a 1957, ta biyo ta Sudan da Chadi, ta shiga Nijar a 1973, ta iso Najeriya a 1974. Tun daga lokacin ta zauna. A 1988 ta shiga Masar ta hanyar shanun da aka shigo da su, a 1989 ta bayyana a Isra'ila, inda masana suka fi zaton iska ce ta kwaso ƙudaje masu cizo daga Masar. Ta kai Turkiyya a 2013, Girka a 2015, Bangaladash da Indiya da Sin a 2019. A 2022 ta kashe shanu sama da 100,000 a Indiya. A watan Yuni na 2025 ta ɓulla a Italiya da Faransa, ƙasashen da ke da shinge da likitoci da kuɗin da ba mu da su.

Darasin da ya fi amfani gare mu na ƙasashen Balkan ne. A 2016 an samu ɓarkewar cutar sau sama da 7,000 a yankin. Ƙasashen da ke maƙwabtaka da juna, irin su Girka, Bulgeriya, Sabiya da Albaniya, suka yi wa shanunsu rigakafi gaba ɗaya a lokaci guda. A 2017 adadin ya faɗo ƙasa da 400. Haɗa kai a kan allura ne ya karya lagon cutar.

Mu ma muna da irin wannan tarihi. Dattawanmu suna tuna cutar bushiya da ɓarnar da ta yi a 1983. Gangamin rigakafi na haɗin gwiwa da aka soma a 1962 tsakanin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, da waɗanda suka biyo bayansa, su ne suka kai ga shelar kawar da bushiya daga duniya a 2011. Abin da aka yi wa bushiya shi muke roƙo a fara yi wa wannan.

KOKE-KOKENMU

Na ɗaya, rigakafin wannan cuta ba ya cikin abin da muka saba gani. Gangamin shekara-shekara ya fi mai da hankali ga ciwon huhu na shanu da annobar mura da gudawa ta tumaki da awaki. Muna godiya da wannan, amma cutar ƙuraje ta zama marainiya, alhali Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurarta.

Na biyu, ko an samu allurar, lokaci da sanyi suna kashe ta. Dabba na bukatar kimanin mako 3 bayan allura kafin jikinta ya yi ƙarfin kare kansa. Rigakafin da aka kawo bayan ruwa ya zauna, ƙwari sun tashi, garkuna sun hau arewa, ya makara. Kuma allurar sai an ajiye ta cikin sanyi tun daga inda aka haɗa ta har bakin garke. A ƙauyen da babu lantarki, kwalbar da ta yini a aljihu cikin zafin bazara ruwa ce kawai.

Na uku, tsoro ya raba mu da masu duba dabbobinmu. Malamin dabbobi yana da iyali, ba za mu ga laifinsa ba idan ya ƙi bin hanyar da ake tare mutane. Bafulatanin da bai taɓa ɗaukar makami ba yana tsoron shigowa gari da shanunsa kada a yi masa kuɗin goro da ɓarayi. Bahaushe manomi yana tsoron fita da nasa bayan gari. Kowa ya ɓoye dabbarsa, cutar ta samu wurin ɓuya.

Na huɗu, da babu likita a kusa, kowa ya zama likitan kansa. Ranar kasuwa ana baza magungunan dabbobi a kan tabarma cikin rana, wasu sun lalace, wasu jabu ne. Makiyayi ya sayi teramasin da sirinji ɗaya, ya bi garke kaf da allura guda, daga mai ƙurji zuwa lafiyayya. Da hannunsa ya raba cutar, kuma da kuɗinsa. Sannan a tatsi saniyar a sayar da nonon tun maganin bai fita daga jikinta ba.

Na biyar, kara ba ta da matsaya. Saniya mai ƙurji a fili takan tsaya kafaɗa da kafaɗa da lafiyayyu daga safe har la'asar. Babu wani keɓantaccen wuri da za a ɗaure ta. Mai ita kuma sauri yake ya rabu da ita kafin ta faɗi, domin ya san idan ya kai rahoto babu abin da zai samu sai hana shi sayarwa.

Na shida, rufe kasuwa da rufe iyaka ba su tsayar da tafiyar shanu ba. A watan Satumba na 2021 an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Sabon Birni da Isa, saboda tsaro, kuma mun fahimci dalilin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. A duk waɗannan lokuta mai bukata bai daina sayarwa ba, cinikin ya koma bayan gari da hanyoyin daji inda ido ba ya kaiwa. Idan an rufe ƙofar da ake dubawa, dabba ta bi wadda ba a dubawa.

Na bakwai, takardar da ta haɗa mu da maƙwabta ta shiga ruɗani. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan ƙetare iyaka da dabbobi ta tanadi takardar shaida mai nuna yawan garke, rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Makiyayi na bukatar a faɗa masa a sarari wace takarda zai riƙe yanzu, kuma wa zai ba shi.

ABIN DA MUKE ROƘO

1. A sa cutar ƙurajen fata cikin rigakafin shekara-shekara na jiha, kyauta ko da rangwame, a fara da ƙananan hukumomin iyaka: Sabon Birni, Isa, Gada, Illela, Tangaza da Gudu. A kammala shi a watannin Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka. A yi nufin samun aƙalla shanu 80 cikin 100, domin ƙasa da haka cutar na samun inda za ta ratsa.

2. Mai Girma Gwamna ya nemi zama da hukumomin jihohin Maraɗi da Tawa, ta hannun Gwamnatin Tarayya da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, wadda ba ta dogara da ECOWAS ba. A tsayar da wata guda na rigakafi a gefen nan da gefen can, a amince da takardar shaida guda, likitocin ɓangarorin biyu su riƙa sanar da juna da zarar cuta ta ɓulla. Jihar Katsina da Jihar Maraɗi sun sa hannu a kan yarjejeniyar kiwon ƙetare iyaka a 2017. Abin da Katsina ta iya, Sakkwato za ta iya.

3. A samar da firiji mai aiki da hasken rana a Sabon Birni da Isa da manyan garuruwan gundumomi irin su Unguwar Lalle, Gatawa da Kurawa, tare da akwatunan sanyi na ɗauka a babur da isassun allurai, don kowace dabba ta samu sabuwa.

4. A zaɓi matasa daga cikinmu, Hausawa da Fulani, waɗanda hakimai da arɗo-arɗo suka yarda da su, a horar da su aikin rigakafi da gane alamun cuta a ƙarƙashin kulawar likita. Ɗan gari yana shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan cikin jiha, tana da malaman da za su iya wannan horo.

5. A tsayar da ranakun rigakafi a wuraren da jami'an tsaro za su ba da kariya, a yi shela cewa duk wanda ya kawo dabbarsa yana cikin aminci, zuwa da komawa.

6. A kowace kara a sa malamin dabbobi a bakin shiga, a kuma keɓe wuri nesa da sauran shanu don masu alamar cuta. A ƙarfafa wurin binciken dabbobi na Illela, a buɗe ƙaramin irinsa a ɓangaren Sabon Birni, domin shanun da ke shigowa ta nan ba sa bi ta Illela.

7. Wanda ya kai rahoton cuta a garkensa a saka masa da magani kyauta da rigakafin sauran shanunsa. Mun ji cewa a Faransa ana hallaka garke dukansa idan an samu cutar, a biya mai shi diyya. Wannan ba zai yiwu a nan ba, kuma ba shi muke nema ba. Muna neman a sa faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa riba.

8. A ɗauki samfuri daga dabbobin da suka kamu a kai ɗakin bincike, domin a bambance wannan cuta da kirci da sauran cututtukan fata, a kuma san ko allurar da ake kawowa tana aiki.

9. A tsaftace cinikin maganin dabbobi a kasuwanni, a kuma yi amfani da gidajen rediyo wajen wayar da kai da Hausa da Fulatanci kafin kowace damina.

10. A sa batun shanun sata cikin lissafin lafiyar dabbobi. Duk shanun da jami'an tsaro suka ƙwato, a tsare su wuri guda kwana 28 ana duba su, a yi musu rigakafi, sannan a mayar wa masu su.

ALƘAWARIN DA MUKA ƊAUKA

Ba za mu miƙa wa hukuma kaya mu naɗe hannu ba. Mun yi alƙawarin fito da shanunmu ranar rigakafi ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. Za mu ware sabuwar dabbar da muka saya daga garke har mako 4. Za mu daina kai mai ƙurji kara ko mashayar jama'a, mu daina bin garke da allura ɗaya. Za mu riƙa kwashe kashin shanu daga turke, mu yi hayaƙi da feshi don rage ƙwari. Sarakunan fawa da shugabannin dillalai da ke cikinmu sun yarda su ƙi karɓar dabbar da ba a san asalinta ba. Duk wanda ya ga alamar cuta zai sanar da mai unguwa ko arɗo a ranar.

Mai Girma Gwamna, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saniyar da ta kamu a bakin Gulbin Maraɗi yau, wani makon tana iya kasancewa a karar Achida, wani watan a Legas. Kare shanun Gobir kare dukiyar jiha ne da ta ƙasa baki ɗaya. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don kiwo a 2024, muna ganin babu lokacin da ya fi wannan dacewa a ɗauki matakin.

Muna roƙo da girmamawa a turo wakilai su zauna da mu a Sabon Birni kafin bazara ta ƙare, a tsara ranakun rigakafi, domin allura ta riga ruwan farko isowa. Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Jihar Sakkwato, ya albarkaci dukiyar talakawa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mu ne naka masu biyayya,
A madadin makiyaya, manoma, fatake, mahauta da mata masu sayar da nono na Unguwar Lalle da kewayenta.